Gonar Cikin Ɗakin Kakanku

Kun girma kuna ganin tukwanen shuka a falona, har kun ɗauka ado ne irin na matan ma'aikata. Na sha jin Asabe tana gaya wa ƙawayenta wai a wurin matar wani Bature na koya, shi kuwa Aminu cewa yake yi son iyawa ne kawai irin na uwarsa. To ku saurara. Ban taɓa taka gidan Bature ba, kuma ranar da na fara zuba ƙasa a tukunya ba don ado na yi ba. Hankalina a tashe yake, ran mutum nake neman riƙewa. Mutumin nan kakanku ne na wajen uba, wanda har yau da furfurata bakina bai iya kiran sunansa ba. Tunda Allah ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe alƙalami, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun kafin ku ƙara masa gishiri.

A shekarar da aka sami 'yancin kai ne. Shekarata uku ke nan a gidan babanku a Tambuwal, ina goyon Asabe. Babanku malamin firamare ne mai keke da farin kaftani, amma gidan da ya fito gidan noma ne tun kaka da kakanni. Kakanku manomi ne na nunawa. Yakan damƙi ƙasa ya murza, ya sansana, ya ce wannan gero take so, waccan a bar ta ta huta, kuma ba a taɓa jin ya yi kuskure ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka ƙanwarsa Gwaggo Tumba, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta, ita ke riƙe da cikin gida. Gwaggo mace ce mai son ɗan'uwanta kamar ranta, sai dai harshenta ba ya kwana da magana. Ni kuwa tsakanina da surukina sai gaisuwa daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa. Ban taɓa leƙa ɗakinsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce ɗiyar Kebbe, domin daga can aka auro ni.

Cikin daminar nan, ana noman maimai, ya faɗi a tsakanin kunyoyi da hauyarsa a hannu. A kan jaki aka kawo shi gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Malamin asibiti ya zo ya yi allurai, malamai sun yi rubutu an ba shi ya sha, kowa ya yi iya yinsa, kuma Allah ya sa an dace: rai bai fita ba, harshe ya dawo ko da yake da nauyi, hannun hagu yana aiki. Abin da bai dawo ba shi ne zuciyarsa. Ɗakinsa ginin ƙasa ne mai kauri, ba taga ko ɗaya, sai ƙaramar ƙofa wadda Gwaggo ke saukar wa asabari dare da rana don kada iska ta kama shi. A nan ya kwanta yana jin ruwa na zuba a kan gonar da ba zai gani ba. Aka yi girbi ba da shi ba. Babanku ya zaɓo zangarniya mafi girma ya kai masa don ya faranta masa rai, tsoho ya dube ta sau ɗaya ya juya fuska bango. Ranar bikin 'yancin kai gari ya cika da kiɗa, babanku ya fita tun da safe yana jera 'yan makaranta da 'yan tutocinsu, ni kuwa abin da na fi tunawa a ranar shi ne ƙwaryar furar da ta fito daga ɗakin nan yadda ta shiga, ko ludayi ba a tsoma ba.

Bayan kwana biyu na kawo kunu na durƙusa a bakin ƙofa ina jiran Gwaggo ta zo ta karɓa. Asabarin ya ɗan karkace, sai na hango tsoho ya juyo da kansa, ya ƙura wa dokin ƙofa ido. Na bi inda yake kallo. Ƙwayar gero ce ɗaya da ta faɗi a nan, laima ta same ta, ta fito da ɗan kore bai kai tsawon yatsa ba. Kallon da yake yi mata irin wanda uwa ke yi wa jinjiri ne. Gwaggo ta iso da tsintsiya, ta share wurin ba tare da ta lura ba, shi kuma ya mayar da fuskarsa bango. A nan durƙushe dabarar ta faɗo mini: tunda ba zai iya zuwa gona ba, ni zan kai masa gona.

Na sami tsohon kasko na cika da ƙasa, na watsa gero, na roƙi babanku ya ajiye a inda tsoho zai gani. Ya yi dariya, amma ya kai. Sai dai shuka tana son ruwa, babanku kuma yana makaranta, Gwaggo ta ce ita ba ta wasan yara. Haka na lulluɓe kaina, na yi sallama, na taka cikin ɗakin surukina da buta a hannu. Ban dube shi ba, na zuba wa kaskon ruwa. Da na fito na tarar da Gwaggo a tsakar gida ta riƙe haɓa.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Matar ɗa cikin ɗakin uban miji. Haka a ka yi Kebbe?"

"Gwaggo, ruwa nib ba shuka."

"Shuka. Cikin ɗaki. Allah shi shirya."

Kwana uku gero ya tsiro, kuma a makon nan kakanku ya sha rabin furarsa. Na san ban yi kuskure ba. Amma geron bai yi kore ba. Ya fito fari-fari kamar mai ciwo, siriri, ya yi ta miƙewa yana karkata wajen ƙofa, ya yi tsawon da ƙafarsa ba ta iya ɗauka ba, ranar nan da safe na tarar duk ya kwanta. Na fito da kaskon ina ɓoyewa a bayan zane, amma Gwaggo ta gani, kuma ta yi maganar da ƙarfi yadda za a ji ta har cikin ɗaki.

"Na hwaɗa muku. Da sunan mutum anka shuka abin ga, ga shi ya kwanta. Mi ya rage?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne ya cika ta. Amma maganar ta shiga kunnen da bai kamata ta shiga ba.

Na ce a raina gero ɗan rana ne, laifina ne da na kai shi duhu. Na sa aka samo mini rassan dankali da daddoya daga lambu. Don in girmama su, sai na sauko da tukwane biyu daga cikin kayan aurena, ginin uwata, goge suke sumul, ba sa zubar da ko ɗigo ɗaya. Na cika su da baƙar ƙasar fadama mai danƙo. Sannan na yi abin da duk ɗiyar manoma za ta yi. Mu mun tashi muna roƙon ruwa, ba mu taɓa jin an ce ruwa ya yi wa shuka yawa a tudu ba. Na riƙa ba su safe da yamma. Ganye ya fara rawaya, na ce ƙishi ne, na ƙara. Ya fara langaɓewa, na ƙara har da tsakar rana. Kafin mako uku ɗakin ya ɗauki wani wari, rassan suka yi baƙi daga gindi. Ina tsugune a kansu ina share hawaye da gefen mayafi, sai na ji murya a bayana, mai nauyi, kalma ɗai-ɗai. Karo na farko ke nan da ya yi mini magana tun kwanciyarsa.

"Ɗiyar Kebbe, bar wahala. Da ni da su duka, saiwa ta ruɓe."

Daga ranar ya daina karɓar fura. Sai kurɓin ruwa, wani lokaci cokali biyu na kunu idan Gwaggo ta yi kuka. Ya kira babanku ya ce a sayo farin yadi a ajiye kusa. Ku tsaya ku gane inda na jefa kaina. Da hannuna na ɗaure ran tsohon nan a jikin tukunya. Da can yana kwance ne kawai cikin baƙin ciki, yanzu kuwa ya ga alama sau biyu, ya kuma gaskata. Na kai tukwanen bayan gida na kife su. Abin da ya fito daga gindinsu taɓo ne mai ɗoyi, saiwoyin sun narke a ciki. Ruwan da na yi ta zubawa bai sami hanyar fita ba. Na ɗauki ƙusa da dutse na ce bari in huda gindin ɗaya, bugu biyu ta rabe gida biyu a hannuna. A nan na san sai na je wurin wadda ta gina ta.

Babanku bai so ba. Ya dawo daga makaranta, ya jingine keke, na tare shi da maganar tun bai sha ruwa ba.

"Kulu, ki bari hakan nan. Sau biyu ke nan. In ta ukku tam mutu, da wane ido za ki dubi mutanen gidan ga? Za su ce ke kik kashe shi."

"Malam, in nib bari yanzu, abin da yag gani na ƙarshe matacce na. Da shi za ya tahi."

"Gini da bushewa da gashi, ai kwana goma na. Ba lalle ki ishe shi ba."

"Na sani."

Ya ɗauki ruwa ya sha. Daga baya ya ce motar kasuwa za ta bi ta hanyar Kebbe jibi. Ranar tafiyar na durƙusa a bakin ƙofar tsoho da Asabe a baya, na ce, "Baba, za ni gida in ɗauko tukwanen da sunka dace. Ku jira ni." Na tashi ban san ko zan sake ganinsa ba.

Uwata, Inna Hajo, maginiyar tukwane ce, kuma a Kebbe duk wanda ke son randar da za ta yi sanyi wurinta yake zuwa. Ta yi murna da ganina har sai da na faɗi abin da ya kawo ni. Tana zaune da yumɓu a gabanta, ta tsayar da hannu.

"Ki sake hwaɗi in ji."

"Tukwane ni ka so, Inna, masu huda a gindi."

"Shekara talatin ni ka gini, ba a taɓa maido min tukunya don yoyo ba. Yau ɗiyata ta taho daga Tambuwal ta ce in gina rariya."

Ba girman kai ba ne kawai. A lokacin matan unguwarmu rami ɗaya suke gashi, kowa ta kawo nata a jera, a rufe da kara da kashin shanu, a cinna wuta tare. Kuma sun yi imani idan tukunya mai aibi ta shiga ramin, sai ta ja wa na kusa da ita fashewa. Wadda aka ga ta kawo hudajjiya kuwa, da saninta, ta zubar da sunan da ta yi shekaru tana tarawa. Na ba ta labarin tsoho daga farko har zuwa farin yadi. Ta tashi ta nufi bakin rijiya, na bi ta. A can akwai wani tsohon tulu da gindinsa ya tsage aka yar, ƙasa ta cika shi, ruwan da ake zubarwa yana fantsama a kansa. Daddoya ta fito a cikinsa ta yi kore shar, ba wanda ya shuka ta. Inna ta tsaya a kansa tana kallo, ta ɗan taɓa shi da ƙafa.

"Wanga shekara biyu shina nan, ban taɓa tambayar kaina dalili ba," in ji ta. "Taho mu koma, yumɓu na bushewa."

Bakwai ta gina, masu faɗin baki, kuma ta ƙi goge su, ta ce a bar jikinsu da kaushi don su riƙa shan iska. Kowace ta yi mata ɗan kaskon da za ta zauna a kai. Da ta zo huda ta farko sai ta kifa ta a cinya, ta ɗora babban yatsa a gindin, ta yi jim. Na ga ta rufe ido sannan ta danna. Sauran shidan ba ta tsaya ba. Ranar gashi muka ɗauko su a kai, mata suka kewaye mu. Wata ta ɗaga ɗaya sama ta leƙa rana ta cikin hudar, aka kwashe da dariya. Wata ta janye tukwanenta zuwa ɗaya gefen ramin tana tofe-tofe. Inna ta jera nata a tsakiya, ta kewaye su da randunanta guda huɗu na sayarwa, ta ce in fashewa ce ta fara da nata. Aka cinna wuta. Da aka buɗe ramin babu tukunya ɗaya da ta tsage, tata ko ta wani. Amma sunan ya riga ya kama ta. Hajo mai rariya, haka aka kira ta har ta koma ga Allah, kuma shekaru bayan nan masu saye a kasuwa sukan ɗaga tukunyarta su leƙa gindi suna murmushi. Tana yi kamar ba ta damu ba. Ni ɗiyarta ce, na san abin yana ci mata rai, kuma saboda ni ta ɗauka.

Kafin in taso ta koya mini abin da hannunta ya sani na ƙasa. A fara sa tsingaro, wato fasassun tukwane, a kan hudar don kada ta toshe. Baƙar ƙasa kada ta shiga ita kaɗai, a gauraya ta da yashin rafi da tsohon takin da ya gama ruɓewa, har sai an damƙa ta wargaje a hannu. Ta ba ni 'ya'yan gwaza uku. Ni kuma na tuna geron da ya yi ta miƙa wuya wajen ƙofa, sai na shiga bayan gari na nemi abin da ke rayuwa a inuwa. A gindin wata tsamiya na haƙo moda, mai dogayen ganye masu kauri wadda maharba ke murza tsirkiya da ita. Haka na hau motar kasuwa, tukwane nannaɗe da ciyawa a kan cinyata, Asabe a baya, kowane rami motar ta faɗa sai na ƙara rungume su.

Na ishe shi da rai. Ya rame har ba na son tunawa, amma yana nan. Gwaggo ce da bakinta ta gaya mini, tana harara, cewa kullum da safe sai ya tambaya ko ɗiyar Kebbe ta komo, kuma da wannan tambayar take samu ta ɗura masa kunu. Ban ko huta ba na ce wa babanku saura abu ɗaya, sai an fasa taga ta gabas. Lokacin sanyi ne, Gwaggo ta tsaya a jikin bangon ta shimfiɗa hannuwa.

"Bangon da ubanmu yag gina? Ku buɗe ma iska hanya ta ida shi? Sai dai ku fasa da ni."

Na zaci babanku zai ja da baya, don bai taɓa musa wa Gwaggo ba. Sai ya shiga ɗaki ya durƙusa ya tambayi mai bangon. Muna waje muka ji amsar, gajeriya.

"Fasa."

Babanku da kansa ya ɗauki dagi, bai ko tuɓe farin kaftanin ba, malamin makaranta guda ya koma jajawur da ƙasa. Kafinta ya zo ya sa ƙyauren katako da za a riƙa rufewa in rana ta faɗi. Washegari da hantsi haske ya sauka a tsakiyar ɗakin da bai taɓa ganin rana ba, na jera tukwanen nan bakwai a cikinsa: moda biyu, gwaza uku, sai sabon reshen dankali ɗaya da na daddoya ɗaya daga lambu.

Kada ku ɗauka na yi hankali. Hannuna bai daina ƙaiƙayin ba da ruwa ba. Safe da yamma ina nan da buta, sai dai yanzu ruwan yana bi ta hudar ya taru a kasko. A rana ta biyar na karkata buta ke nan sai na ji an ce:

"Aje butag ga."

Na ajiye.

"Jawo min waccan."

Na jawo tukunyar daddoya kusa da shimfiɗarsa. Ya miƙa hannun hagu, ya cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, ya zaro ya murza, ya kai hanci.

"Da sauran laima. Ba ta jin ƙishi. Ke ɗiyar Kebbe, da alheri ki ka kashe su. Ƙasa a ka tambaya, ba zuciya ba. In yatsa ya hito da sanyi, ki bar ta. In ya hito a bushe, ki ba ta har shi zubo ƙasa, sannan ki zubar da na kasko, kak ki tara min sauro."

Daga ranar gona ta koma hannun mai ita, ni na zama 'yar ƙodago. Shi ke cewa a juya wannan, ta fara karkata wajen taga. Moda a bar ta kwana goma ba ruwa, ita ba ta son shisshigi. Ruwan da ya kwana a randa za a ba su, ba wanda aka jawo yanzu daga rijiya ba. A jiƙa tsumma a goge ganye, don ganyen da ya yi datti ba ya cin haske. Da wasu fararen ƙwari suka bayyana a bayan ganyen dankali ya sa na barbaɗa toka mai laushi. Ya sa na tsinke kan daddoya, ina jin tausayinta, ya ce in ba a tsinke ba sanda za ta zama, kuma cikin mako ta yi rassa huɗu. Faɗa kam na sha shi, kunyar suruki ta bi ta taga, har maƙwabta suna cewa a gidan nan matar ɗa da uban miji gardama suke yi kamar abokan wasa. Ina jin daɗin faɗan, domin mai faɗa yana bukatar ƙarfi, kuma na lura kunun da ake kawowa ya fara raguwa a kwano. Duk da haka bai taɓa tuwo ba, farin yadin nan kuma yana nan naɗe a kan akwati inda ya ce a ajiye. Gwaggo ta ce na baya ma ai sun yi mako uku kafin su mutu.

Sanyi ya fara ja da baya, ana shirin azumi, ranar nan na shiga da safe na ga babban ganyen gwazar da ke kusa da kansa ya yi rawaya ya sunkuya. Na duba na ga idonsa a rufe, na lallaɓa zan tsinke ganyen in cusa a zane kafin ya farka.

"Bar shi."

Ashe yana kallona. Na tsaya da hannu a miƙe, na kasa riƙe kukan.

"Baba, wallahi ban ƙara ruwa ba."

"Na sani. Wanga tsoho na, ya gama aiki nai. Buɗe ido ki diba tsakiya."

Na share hawaye na duba. Daga tsakiyar gindin wani abu ya leƙo, siriri, nannaɗe kamar tabarmar da aka naɗe, korensa mai haske. Sabon ganye ne. Kwana uku muka yi muna gadinsa, ni da shi, yana warwarewa kaɗan-kaɗan. A rana ta huɗu da hantsi na shigo na tarar ya buɗe gaba ɗaya, ya fi tafin hannu biyu faɗi, rana ta bi ta cikinsa har ana ganin jijiyoyinsa. Kakanku kuwa ba a kwance na same shi ba. Ya ja jikinsa da hannu ɗaya ya jingina da bango, shi kaɗai, abin da bai yi ba tun damina. Ya ce in kira masa Tumba. Ta shigo da gudu tana salati, ta zaci abin da ake tsoro ne ya zo. Ya nuna mata tukunyar da haɓa.

"Tumba, ke kic ce da sunana anka shuka. To diba. Mi kig gani?"

Gwaggo ta dubi ganyen, ta dubi ɗan'uwanta zaune. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ya bar ta ta yi kuka mai isarta, sannan ya ce ta ɗauki yadin nan da ke kan akwati ta ba tela ya ɗinka masa riga, sallah ta kusa. Ya juyo wajena.

"Ɗiyar Kebbe, akwai tuwo gidan ga?"

Ban san lokacin da na isa madafa ba. Ɗumamen jiya ne ya rage, na zuba 'yar malmala ɗaya a ƙaramin akushi, don na ce cikin da ya yi wata biyar bai ga tuwo ba a bi shi a hankali. Na tsinko ganyen daddoya huɗu daga tukunyarsa na jefa a miya. Na kawo na ajiye a gabansa, muka zuba masa ido, ni da Gwaggo da babanku da aka kira daga makaranta. Ya yi bisimilla, ya gutsura da hagu, ya ci. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya leƙa cikin akushin, sannan ya turo mini shi da bayan hannu.

"Wanga na majinyaci na. Koma ki zubo na manomi."

Na koma na zubo, kuma shekara bakwai na yi ina zuba masa.